Yadda Walƙiya Ya Fito da Yayansa Daga Duhu

"A ba ni kwana bakwai," in ji Walƙiya, "in fito muku da shi tas, kamar yanzu ya fito daga wanka."

Wanda za a fito da shi ɗin yayansa ne, Kafinta, wanda ya rasu wata goma sha ɗaya da suka wuce. Inda za a fito da shi kuwa cikin wani bidiyo ne mai tsawon minti goma sha ɗaya da daƙiƙa huɗu, wanda ba a ganin komai a cikinsa sai duhu, da wani ɗan ja-ja a ƙasa inda kyandir yake ci a kan tebur. Duk duniya babu hoton Kafinta ko ɗaya, in ban da na katin shaida, wanda hatimi ya cinye masa rabin fuska. Mutum ne da in ya ga kyamara yakan juya mata ƙeya. 'Yarsa, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na asibiti, ita ta yi masa dabara: wata rana da aka ɗauke wuta ana cikin hira, ta jingina wayarta a bayan filas ta bar ta tana ɗauka. Daga baya wayar ta faɗa bokitin wanki ta mutu. Katin cikinta kaɗai ya tsira, ɗan mitsitsi kamar farcen yatsa.

Inna, matar marigayin, ita ta tayar da maganar. Ta ce idan ta rufe ido tana ganin hularsa, tana ganin fensirin da yake maƙalawa a kunne, amma fuskar ta fara zame mata. Abin da take so ke nan kawai, ta sake ganin fuskar mijinta sau ɗaya kafin ta ɓace mata gaba ɗaya. Ba ga Walƙiya ta faɗa ba. Ga 'yarta ta faɗa, shi dai ya zo gaisuwa ne kunnensa ya kama.

Walƙiya mai hoto ne. Ya sami sunan ne tun zamanin da yake yawo da kyamara mai fitila, yana kashe wa mutane ido a wurin taro. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanke hoto a ɗakin duhu, har waya ta zo ta kashe sana'ar. Yanzu sai ƙananan hotunan cike takarda yake ɗauka, da wata tsohuwar kwamfuta da ya samo daga wani ofishi da ya rufe. Gashin bakinsa baƙi ne wuluk, saboda duk sati yana shan rini. Yana da haƙorin zinariya ɗaya a sama, yana kuma da yana a idon dama, wadda ya ce ba yana ba ce, gajiya ce.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Tun tana amarya a gidan suke tsokanar juna, tsufa bai rage komai ba.

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin, matar Yaya. Duhu abokin aikina ne. A cikinsa na ci abinci shekara talatin da ɗaya."

"Shi ya sa ba ka yi ƙiba ba. Ka dai san abin da yake faɗa a cikin bidiyon?"

"Murya aikin mai gyaran rediyo ce. Ni ido nake yi wa aiki."

Nas ta miƙa masa katin a naɗe cikin takarda, hannunta bai so sakinsa ba.

"Baffa, don girman Allah ka kwafe shi tukuna. Kada ka taɓa na asalin. Shi ke nan mana."

"Ke za ki koya min aikina? Ranar da aka haife ki ni na ɗauki hotonki."

"Yana ina, Baffa?"

Walƙiya ya duba agogonsa, ya ce yana da masu jira a shago.

Babu mai jiransa a shago sai Mai Aski, maƙwabcinsa, wanda bango ɗaya ya raba su, kuma suka shekara ashirin suna gardama ta taga. Kafin la'asar Walƙiya ya gaya masa, ya gaya wa mai sayar da taya, ya gaya wa mai kemis. Ya ce ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu daidai, a tsohon shagon Kafinta, kowa zai ga abin da ilimi yake yi. Ya ce ya samo manhaja a kwamfuta wadda in ka ba ta hoton cikin rijiya za ta ƙirga maka kwaɗi. Ya aro majigi a wurin wani malamin makaranta. Ya sa aka rubuta sanarwa a kwali aka manna a ƙofar shagonsa.

"Wato tayar da shi za ka yi," in ji Mai Aski, yana wasa aska.

"Fito da shi zan yi."

"To ka gaishe shi. Ka ce masa bencin da ya yi min har yanzu bai girgiza ba. Ba kamar hoton da ka yi min ba, da na koma kore."

"Kai dama kore ne."

Ranar Lahadi ya fara aiki. Manhajar tana da layuka bakwai, kowanne da ɗan ƙulli da ake ja dama ko hagu. Ya nemo na haske ya ja shi kaɗan. Babu abin da ya gani. Ya ƙara. Gilashin kwamfutar nan ya tsufa, haskensa bai fi na fitilar da batirinta ya kusa ƙarewa ba, ga kuma gajiyar idon dama. Saboda haka ya ja ƙullin har ƙarshen layi, ya nemi wani layin ya ja shi ma har ƙarshe. Duhu ya watse. A madadinsa wasu ɗige-ɗige suka cika fuskar kwamfutar, ja da kore da shuɗi, suna ta motsi ba tsayawa.

Mai Aski ya leƙo ta taga da kan wani mutum rabin aske a hannunsa.

"Subhanallahi. Tururuwa ce ta cinye shi?"

"Wannan matakin farko ne, jahili."

"Mataki nawa ne?"

"Koma kan aikinka, ka bar mutum da rabin kai."

Da ya tashi rufewa, kwamfutar ta fito da wani ɗan akwati tana tambayarsa wani abu cikin yaren da ya ce ya iya. Akwai maɓalli biyu. Abin da take tambaya shi ne, ko ya yarda ta ɗora sabon aikin a kan na asalin. Walƙiya ya matso da idon hagu, ya karanta kalma biyu daga ciki, ya ga na'ura tana neman izininsa cikin ladabi, ya ba ta. Haka ya riƙa ba ta duk ranar da ta tambaya. Mutum ne mai kyauta.

Ranar Litinin ya gano layin da ke kashe tururuwa. Ya ja shi har ƙarshe, don shi bai san rabin hanya ba. Tururuwa ta mutu. Amma duk abin da ke ɗakin ya narke tare da ita. Mutanen da ke zaune suka koma kamar kyandir da aka manta a rana, kawuna sun zubo kan kafaɗu, kafaɗu sun zubo kan kujeru.

Mai kemis ya zo kallo, ya daɗe yana dubawa.

"Wanne ne marigayin?"

"Ga shi nan a tsakiya."

"Wannan ba buhu ba ne?"

"Buhu yana motsa kai?"

"In da kaza a ciki."

Ranar Talata ya ja layin da ke kaifafa hoto. Buhun ya sami gefe mai kaifi, kamar an yanka shi da almakashi, amma buhu ne dai. Ranar Laraba ya ja na launi, buhun ya koma ruwan lemo. A ranar Nas ta biyo daga asibiti da fararen kayanta. Yana hango ta ya yafa tawul a kan kwamfutar.

"Baffa, ya aiki?"

"Ba a kallon hoto yana cikin ruwa. Dokar sana'a ce."

"Wane ruwa kuma a kwamfuta? Ka dai kwafe na asalin ko?"

"Yana nan ciki. Duka suna nan ciki, ɗaya kan ɗaya."

Nas ta juya maganar a ranta, sannan ta ce:

"Ka saurari muryar kuwa?"

"Lasifikar ta lalace tun a ofishin. Na ce miki ni ido nake yi wa aiki."

"Inna ta sa an wanke mata zanenta mai kyau saboda Asabar," in ji Nas. "Jiya ta ce min ta manta wane gefe ne tabon goshinsa yake."

Bayan ta tafi Walƙiya ya cire tawul ɗin, ya zauna yana kallon buhu mai ruwan lemo. Shi ma ya nemi gefen tabon a ransa bai samu ba. Gumi ya karyo masa, rinin gashin bakinsa ya fara bin gefen leɓe.

Ranar Alhamis Allah ya kawo masa abin da ya ɗauka mafita ce. A can ƙasan manhajar akwai wani maɓalli da bai taɓa dannawa ba, mai gyara fuska. Ka ba shi hoton mutum mai kyau, shi kuma ya duba ya maido da fuskar a cikin bidiyo. Sai dai hoton Kafinta babu. Walƙiya ya ɗaga kai. A bangon shagon, cikin firam mai ruwan zinariya, ga hotonsa shi kansa na shekara ashirin da biyar da suka wuce, ya karkata kai, ya ɗaga gira ɗaya, yana murmushi har haƙorin yana ƙyalli.

"Uwa ɗaya uba ɗaya," ya faɗa a fili. "Ai tun muna yara ake cewa mun yi kama."

"Wa ya ce?" in ji Mai Aski ta taga.

"Ba da kai nake ba."

"Shi dai marigayi kyakkyawa ne."

Walƙiya ya rufe tagar. A lissafinsa na'urar za ta ɗauki ƙashin fuskar gidansu ne kawai, ta cika sauran da hankalinta. Akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko fuska ɗaya za a gyara ko duk wadda aka samu. Ya ga ba daidai ba ne a gyara mutum ɗaya a bar iyalinsa a narke. Ya zaɓi duka.

Kwamfutar ta fara aiki tana gurnani kamar tsohuwar mota a kan tudu. Ta yini Alhamis, ta yini Juma'a. Sau biyu aka ɗauke wuta ta koma farko. Ba ta gama ba sai ranar Asabar ƙarfe uku da minti ashirin. Walƙiya ya kalli daƙiƙa biyar na farko a dusasshen gilashinsa, ya ga mutum zaune da hula, da ido biyu, da hanci a inda hanci yake zama. Ya yi hamdala, ya zare katin, ya sa babbar rigarsa.

Shagon Kafinta yana nan yadda ya bar shi, zarto uku a rataye bisa tsawonsu, ƙusoshi a gwangwanaye, ƙanshin katako bai gama fita ba. An jera bencinan da ya yi da hannunsa. An rataye farin zanen gado a bango, an toshe tagogi da kwali. Mutum arba'in da wani abu suka zo, har da waɗanda ba su san marigayin ba. Inna tana gaba da zanenta mai kyau, Nas a gefenta, surukar gidan tana bayansu da ƙaramar 'yarta a cinya.

Walƙiya ya yi jawabi na minti goma sha huɗu, wato ya fi bidiyon tsawo. Ya ce akwai masu aski, akwai masu ilimi, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Sannan ya danna.

Haske ya bugi zanen gadon har mutanen gaba suka kare ido. Majigin sabo ne, ba shi da gajiya. Ɗakin Kafinta ya bayyana fari fat kamar an watsa masa gari, bango ruwan lemo. A tsakiya ga mutum zaune da hular marigayi, da rigar marigayi, da fensir a kunne. Ya karkata kai. Ya ɗaga gira ɗaya. Haƙorin zinariya ya yi wal.

Mai Aski ya juyo ya dubi Walƙiya.

"Kai ne ka mutu?" in ji Mai Aski.

"Kama ce! Jini ne! Ku ba shi lokaci, zai daidaita."

Bai daidaita ba. A cikin bidiyon wata mace ta sunkuyo ta ajiye kofi a kan tebur. Ɗankwalin Inna ne, wuyan Inna ne, amma da ta juyo sai ga baƙin gashin baki da gira a ɗage. Wata mata a baya ta yi salati. Surukar gidan ta shigo cikin hoton, ita ma Walƙiya ce. Ta juyo da jaririyar da ke kafaɗarta, jaririyar ta yi wa jama'a murmushi da haƙorin zinariya.

"Wayyo 'yata!" in ji surukar, ta duba ta cinyarta don ta tabbatar.

"Ku dubi bango! Ku dubi bango!" in ji mai kemis.

A jikin bangon, kusa da ƙasa, akwai soket ɗin lantarki mai rami uku, biyu a jere ɗaya a tsakiya. Na'urar ta ga ido biyu da baki, ta yi masa adalci. Wani ɗan ƙaramin Walƙiya yana leƙowa daga bango yana murmushi.

Mai sayar da taya ya faɗo daga benci don dariya. Walƙiya ya yi wuf zai kashe, ya rasa maɓallin cikin duhu, ya danna na ƙara muryar majigin. Nan take muryar Kafinta ta cika shagonsa, mai kauri, a hankali, yadda kowa ya san ta. Dariya ta tsaya cak. Muryar kaɗai ce Walƙiya bai gyara ba.

"...ai dalilin ke nan da ba na tsayawa gaban kyamara," muryar take cewa, bakin Walƙiya yana motsi da ita a kan zane. "Ranar aurenmu da uwarku ya ɗauke mu hoto talatin da shida. Ya tsayar da mu a rana har ta kusa suma. Ya shiga ɗakin duhu zai wanke, yana cikin aiki ya ji muryar wata yarinya tana wucewa, ya buɗe ƙofa wai ta ga yana da sana'a. Talatin da shida, duka suka ƙone, fari fat. Ya kawo mana farar takarda ya ce hasken amarya ne ya yi yawa."

Walƙiyan da ke sanye da ɗankwali ya yi dariya da muryar Inna.

"Ƙanena ne, ina sonsa," muryar ta ci gaba. "Amma ku ji wasiyyata. Duk abin da ya ce a kawo ya gyara, ku yi ban kwana da shi tukuna."

Haƙorin ya sake yin wal.

Wannan karon har ƙusoshin cikin gwangwani sai da suka girgiza. Mai Aski ya kwanta a kan garin katako yana dukan ƙasa yana cewa a maimaita, wai bai taɓa ganin mutum ya ba da shaida a kan kansa da bakinsa ba. Nas ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa da baffanta.

"Ya isa. Saka na asalin. Gara duhun."

Walƙiya ya hau gyara zaman majigin.

"Baffa. Na asalin."

"Shi ne wannan," ya ce a hankali. "Yana ƙasa. Sauran suna kansa."

Maganar ta bi benci-benci har baya, dariyar ta yi ta mutuwa a hanya. Kowa ya juya ga Inna. Ta zo ganin fuskar da ta shekara arba'in da bakwai tana gani, an ba ta ta ƙanin miji har guda biyar, kuma babu wata a ajiye. Idonta yana kan zanen, amma ba sama take kallo ba.

"Tsayar min nan," ta ce.

Nas ta tsayar.

Inna ta tashi, ta taka har gaban zanen gadon. A ƙasan hoton, kusa da kyandir, inda ɗan hasken gaskiya ya taɓa, ga hannu biyu a kan tebur. Narkewar ba ta ci su sosai ba, mai gyara fuska kuma bai ga abin gyarawa a cikinsu ba. Manyan hannuwa ne masu kaurin gaɓa. Ɗan yatsan hagu na tsakiya guntu ne, inda zarto ya taɓa shi. Babban yatsan dama yana kan gefen tebur, inda ya saba shafawa yana neman kaushi ko da yana hira.

"Wannan nasa ne," in ji Inna. Ta ɗora nata hannun a kan zanen. "Da can ba a ganin su."

Walƙiya ya ji iska ta dawo masa. Ya gyara wuyan riga.

"Ai dama abin da nake nufi ke nan, matar Yaya. Shi kafinta, ainihin fuskarsa—"

"Ɗauko wancan katakon."

Ta nuna wani falanki mai faɗi da ke jingine a bango, ragowar wata ƙofa da marigayi bai ƙarasa ba. Walƙiya ya ɗauko shi da ƙyar.

"Tsaya nan gefe. Ɗaga shi. Sama. Rufe min fuskokin nan duka."

"Matar Yaya, yana da nauyi."

"Na sani. Shi ya yanka shi. Ƙara sama, ina ganin gashin baki."

Ta koma ta zauna, ta gyara zanenta, ta ce wa Nas a faro daga farko. Muryar ta dawo, hannuwan suka fara motsi a ƙarƙashin katakon, suna auna tsawon labari, babban yatsa yana shafa gefen tebur. Da aka zo wurin hasken amarya Inna ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi, ta ce a hagu tabon yake, yanzu ta tuna, da wancan guntun yatsan yake sosa shi.

Sau uku ta sa aka maimaita, minti talatin da uku da daƙiƙa goma sha biyu. Walƙiya yana ɗage da katakon, rini yana gangaro masa har haɓa. A zagaye na uku ya leƙo ta gefen katakon ya ce wa Mai Aski ƙasa-ƙasa:

"Ka dai ga hannun nan. Ni na fito da shi."

"Soket yana kallona," in ji Inna. "Sa ƙafarka a wurin."